Liu Biao na lardin Jing: rago ne, ko kuwa lardin ne tun asali ba nasa ba?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, ina kallon wani dogon fim na Sinawa a kan zamanin Masarautu Uku. Akwai wani tsohon gwamna, Liu Biao, an nuna shi kamar rago, matarsa na juya shi yadda ta ga dama, yana mutuwa kuma aka miƙa ƙasarsa ga Cao Cao ba a ko harba kibiya ba. Haka yake a tarihi? Sannan mutuwar Allah da Annabi ya yi, ko kashe shi aka yi?"

Ɗan'uwa, bari in fara sauke maka ta biyun, don ita ce mai sauƙi. Ciwo ne ajalinsa. Wani mugun maruru ya fito masa a gadon baya, ya kwantar da shi a birnin Xiangyang, ya cika a wata na takwas na shekarar 208 miladiyya bisa lissafin watan Sinawa, yana da shekara 66 ko 67, gwargwadon irin ƙidayar da ka bi. A lokacin rundunar Cao Cao (a bakin Sinawa kusan "Tsau Tsau" za ka ji), madugun yaƙin da ya mamaye arewacin ƙasar Sin, ta yi wata guda da barin arewa tana nufo shi. Tsoron da tsufan ƙila sun taimaka wa ciwon, amma abin da tsofaffin littattafai suka rubuta ke nan.

Ta farkon ce mai nauyi. Kusan duk finafinan wannan zamani a kan wani ƙagaggen labari aka gina su, wanda ake jingina wa Luo Guanzhong na ƙarni na 14, wato sama da shekara 1,100 bayan an binne Liu Biao. Mu masu karatun tarihi wajen Chen Shou muke zuwa, wanda ya rubuta tarihin Masarautu Uku a ƙarshen ƙarni na 3, da Pei Songzhi da ya yi masa sharhi a 429, da Fan Ye mai tarihin ƙarshen daular Han. Su ma ba su raga wa Liu Biao ba. Chen Shou ya ce a fuska mai sauƙin kai ne, a ciki mai zargi, mai son tsara dabara amma ba ya iya yanke hukunci. To amma ni na daɗe da ganin cewa wanda ya tsaya a kan halin mutumin kawai ya rasa rabin labarin. Yadda ya shiga lardin a 190 shi ya riga ya tsara yadda lardin zai fita daga hannun gidansa a 208.

Sai ka fara sanin kujerar da ya hau. Daular Han ta raba ƙasa gunduma-gunduma, kowace da hakimin da fada ke naɗawa. A shekarar 106 kafin miladiyya Sarki Wu ya tara gundumomin cikin manyan yankuna 13, ya ɗora wa kowane yanki mai sa ido, wanda ake kira cishi. Dabarar ta yi kyau: mai sa idon ƙaramin ma'aikaci ne, darajarsa ma'auni 600 na hatsi, alhali hakiman da yake bincika masu ma'auni 2,000 ne. Ba ya ba su umarni, sai dai ya kai ƙararsu fada. Bayan tawayen masu ɗaura rawayen ƙyalle a ka na 184, ƙasa ta rikice, sai a 188 wani ɗan gidan sarauta mai suna Liu Yan ya ba da shawara a riƙa naɗa manyan mutane da cikakken iko a kan soja da haraji, da laƙabin mu, wato "makiyayi". Daga nan lardi ya tashi daga yankin bincike ya zama ƙaramar masarauta. Lardin Jing kuwa ba ƙarami ba ne: Hubei da Hunan na yau da kudancin Henan, inda kogin Han ke gangarowa ya faɗa Yangtze. Ƙidayar shekarar 140 ta ba gundumominsa bakwai mutum fiye da miliyan 6.

Shi Liu Biao baƙo ne a can. An haife shi a 142 a Gaoping, cikin Shandong ta yau, jinin sarauta ne ta wajen wani ɗan Sarki Jing na daular Han (sunan sarkin ne, ba lardin ba), amma irin jinin nan da ya yi nisa da karaga. Dogo ne, mai kwarjini, kuma ɗalibi. Sunansa ya shiga jerin matasan malaman da ke sukar babannin fada, wato dandaƙaƙƙun bayin sarki waɗanda a lokacin su ke riƙe da kunnen sarki. A 169 babannin suka sa aka bi waɗannan malamai da kamu da kisa. Liu Biao ya gudu ya ɓuya, bai sake samun aikin hukuma ba sai da aka ɗage takunkumin a 184, sannan babban kwamanda He Jin ya ɗauke shi. Ka lura, tun yana ɗan shekara 27 ya ga yadda ake fille kan masu ɗaga murya, ya kuma ga cewa wanda ya lafe shi ya kai labari. Ina zaton wannan darasi bai taɓa barinsa ba.

A 190 Sun Jian, hakimin Changsha, a kan hanyarsa ta zuwa yaƙar Dong Zhuo, kwamandan da ya ƙwace iko a fada, ya tilasta wa mai sa idon Jing, Wang Rui, ya kashe kansa. Fada, wadda ke tafin hannun Dong Zhuo, ta naɗa Liu Biao ya maye gurbinsa. Takarda kawai aka ba shi, ba soja ko ɗaya. Wani madugun yaƙi, Yuan Shu, ya tare hanya da runduna a arewacin lardin, a kudu kuma kowane dangi mai ƙarfi ya tara samarinsa ya kama gari ya ce nasa ne. Littattafai sun ce Liu Biao a kan doki ɗaya, shi kaɗai, ya shiga garin Yicheng. Yana da shekara 48. Rago dai ba ya yin wannan tafiya.

A Yicheng ya kira manyan 'yan ƙasa uku: Kuai Liang, da Kuai Yue, da Cai Mao. Ya tambaye su yadda zai yi. Kuai Liang ya yi masa maganar malamai, cewa idan ya yi adalci da tausayi jama'a za su gangaro masa kamar ruwa. Kuai Yue ya ce adalci na lokacin zaman lafiya ne, lokacin rikici dabara ake sa wa gaba. Ya ce shugabannin dangin nan mahaɗama ne, mutanensu ma sun gaji da su, a nuna musu riba za su zo da ƙafarsu. Liu Biao ya yaba wa kowannensu, sannan ya bi ta Kuai Yue. Aka aika aka yaudaro su, suka zo, aka fille musu kai, aka kwashe mabiyansu aka mai da su soja. Wani littafi ya ce mutum 55 ne, Fan Ye ya ce 15. Sauran biyu da suka riƙe Xiangyang, Zhang Hu da Chen Sheng, Kuai Yue ne ya je da wani abokinsa suka lallashe su suka miƙa wuya. Nan Liu Biao ya kafa hedikwatarsa, a bakin kogin Han.

A nan ne gizo ke saƙar. Wa ya san shugabannin da aka yaudaro? Kuai Yue. Wa ya karɓo Xiangyang? Kuai Yue. Gonaki da bayi da jiragen ruwa da rumbuna na wa? Na gidan Kuai da gidan Cai da ire-irensu. Abin da Liu Biao ya kawo teburin shi ne hatimin sarki da sunan gidan Liu, abin da zai halatta wa waɗannan gidaje su murƙushe abokan hamayyarsu da sunan hukuma. Ciniki aka yi, aka kuma ɗaure shi da aure: Liu Biao ya auri yayar Cai Mao. Kuai Yue da Cai Mao suka samu gundumomi da ragamar soja. Kwatanta da Cao Cao, wanda manyan kwamandojinsa na farko 'yan gidansu ne, su Xiahou Dun da Cao Ren, ko Sun Ce, ɗan Sun Jian, da ya gaji tsofaffin barden ubansa. Su nasu sojan inda suka nufa nan zai bi. Sojan Liu Biao kuwa na masu gonaki ne, masu gonaki kuma a tsare musu gona suke so, ba a kai 'ya'yansu su mutu a bakin Rawayen Kogi don wani baƙo ya zama sarki ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Liu Biao kuwa shekara 18 ya yi yana askin.

A tsaron gida bai yi wasa ba. Wajen 191 Yuan Shu ya turo masa Sun Jian, gwarzon da ya kori Dong Zhuo daga Luoyang, babban birnin daula. Sun Jian ya kewaye Xiangyang, amma mutanen Huang Zu, kwamandan Liu Biao, suka harbe shi a dutsen Xian. Daga ranar gidan Sun ya ƙulla gaba da Jing har abada. A 192 waɗanda suka gaji Dong Zhuo a Chang'an, inda aka mai da fada, suka ɗaga Liu Biao daga mai sa ido zuwa cikakken makiyayi. A 196 yunwa ta koro wani madugun yaƙi, Zhang Ji, daga yamma, ya faɗa wa garin Rang, kibiya ta same shi ya mutu. Fadawa suka zo yi wa Liu Biao barka, ya ƙi karɓa. Ya ce mutumin nan talauci ne ya kawo shi, mai masauki ne bai yi masa karamci ba har aka kai ga faɗa, don haka ta'aziyya zai karɓa, ba murna ba. Sojan Zhang Ji da suka ji haka suka koma bayansa, ya zaunar da su a Wan ƙarƙashin Zhang Xiu, ɗan ɗan'uwan mamacin, suka zame masa garkuwa ta arewa. Da magana ɗaya ya sayi runduna guda. Su ne suka kusa halaka Cao Cao a 197, inda ya rasa babban ɗansa.

Abin da fim ba ya nunawa, don ba ya daɗin kallo, shi ne zaman lafiyar. A shekarun da aka ƙone Luoyang, aka wargaza Chang'an, mutane suka ci naman mutane a arewa saboda fari da yaƙi, a Jing ana noma ana girbi. Wani jami'in Cao Cao, Wei Ji, ya rubuta cewa gidaje fiye da 100,000 sun kwarara daga yankin Chang'an zuwa Jing. Malamai kusan 1,000 suka yi hijira zuwa wurinsa, ya ciyar da su, ya buɗe makarantu, ya sa Song Zhong da Qimu Kai suka sake tsara sharhin manyan littattafai biyar na Konfushiyas. A rabin ƙarshen shekarun 190, in kana neman inda ake karatu a ƙasar Sin, Xiangyang za a nuna maka.

Sai dai ciyar da malami daban, amfani da shi daban. Mawaƙi Wang Can, jikan malamin da ya koyar da shi kansa Liu Biao, ya shekara 15 a Jing ba a ba shi wani aikin kirki ba, an ce don gajere ne, ba shi da kyan gani. Takaicin ne ya sa ya hau soro ya yi shahararriyar waƙarsa ta begen gida. Mi Heng, mai kaifin baki, da ya ishe shi da rashin kunya, sai ya tura shi wajen Huang Zu mai zafin rai, wanda bai jima ba ya kashe shi. Barde Gan Ning ya gaji da zaman banza ya tsallaka wajen gidan Sun, daga baya shi ya nuna musu yadda za su ci Huang Zu. Zhuge Liang kuma, shahararren mashawarcin nan wanda ka sani a fim da mafici a hannu, shekara kusan goma yana noma a Longzhong, ɗan tafiya kaɗan daga fadar Liu Biao. Surukarsa ma 'yar'uwar matar Liu Biao ce, uba ɗaya a gidan Cai, ka ga da ya so aiki da kafin la'asar ya samu. Bai nema ba.

Akwai wani ɗan labari da nake yawan karanta wa ɗalibai. Wani dattijo mai suna Pang Degong yana zaune kudu da dutsen Xian, bai taɓa taka cikin birni ba. Liu Biao ya yi ta aika masa, ya ƙi zuwa, sai ya je da kansa. Ya tarar da shi a kan kunya yana noma, matarsa da 'ya'yansa na cire ciyawa a gabansa. Gwamna ya nuna su ya ce: kana wahala a gona ka ƙi albashin hukuma, me za ka bar wa zuriyarka? Tsohon ya ce kowa haɗari yake bar wa 'ya'yansa, ni kaɗai zan bar wa nawa aminci, gadon ne ya bambanta, amma ba za a ce ban bar musu komai ba. Liu Biao ya yi ajiyar zuciya ya juya. Riƙe wannan amsa, za ka tuna da ita in mun zo kan 'ya'yansa.

Babban laifin da ake ɗora masa na shekarar 200 ne, lokacin da Yuan Shao, babban abokin hamayyar Cao Cao a arewa, ya ja daga da shi a Guandu. Yuan Shao ya nemi taimako, Liu Biao ya amsa da baki bai tura kowa ba, Cao Cao ma bai taimaka masa ba. Yana da soja fiye da 100,000 ya zura ido. A nan ina ɗan kare shi. A daidai lokacin Zhang Xian, hakimin Changsha, ya tayar masa da gundumomi uku na kudu, ya kuma haɗa kai da Cao Cao. Tawayen ya ci shekaru, bai mutu ba sai da ciwo ya kashe Zhang Xian. Mai wuta a ɗakin baya ba ya fita kashe ta maƙwabci. Kuma manyan fadawansa, su Han Song da Liu Xian da shi kansa Kuai Yue, ba cewa suka yi ya yaƙi Cao Cao ba. Cewa suka yi ya miƙa masa lardin tun da sauran mutunci. Tun shekara takwas kafin mutuwarsa ke nan.

Sai Liu Biao ya ce Han Song ya tafi birnin Xu, inda Cao Cao ke riƙe da Sarki Xian, ya gano masa yadda abubuwa suke. Han Song ya gaya masa gaskiya tun kafin ya ɗaura sirdi: in sarki ya ba ni muƙami a can, na zama bawan sarki, kai kuma tsohon ubangidana ne kawai, ka yi tunani kafin ka aike ni. Ya ce ya je dai. Haka kuwa aka yi, aka ba shi muƙami, ya dawo yana yabon Cao Cao, har yana cewa a tura ɗan gwamna fada ya zauna. Liu Biao ya fusata, ya tara fadawa, ya jera soja zai kashe shi, aka azabtar da 'yan rakiyarsa har wasu suka mutu, ba a samu wata shaidar cin amana ba. Uwargida Cai, matar Liu Biao, ita ce ta hana, ta ce Han Song mutum ne da duk ƙasar ke ganin girmansa, kuma gaskiya ya faɗa, ba hujjar kashe shi. Aka jefa shi kurkuku. Ka ga matar da fim ya mai da muguwa, a wannan wuri ita ta ceci rai. Ka kuma ga ɓangaren da gidansu ya karkata tun a lokacin.

Da ka fahimci haka za ka gane dalilin da ya sa ya yi murna da zuwan Liu Bei, madugun yaƙin da Cao Cao ya koro, a 201. Ya fita har bayan gari ya tarbe shi, ya ƙara masa soja, ya zaunar da shi a Xinye, bakin iyaka. Ga mutum ɗaya a duk lardin wanda ba zai taɓa sasantawa da Cao Cao ba, kuma ba ɗan gidan Cai ko Kuai ba. Amma da ya ga manyan Jing sun fara zarya gidan baƙon, sai zargi ya shiga. Ya riƙe shi kamar wuƙa mai kaifi biyu, bai zare ba, bai yar ba. Wata rana suna zaune Liu Bei ya kewaya, ya dawo da hawaye. Da aka tambaye shi ya ce da can ba ya sauka daga sirdi, cinyoyinsa duk sun tsotse, yanzu ga kitse ya dawo musu, kwanaki na gudu, tsufa ya ƙarato, bai kafa komai ba. Har yau Sinawa na buga misali da wannan kitsen cinya.

A 207 Cao Cao ya kwashi sojansa ya nufi can ƙuryar arewa maso gabas yaƙar ƙabilar Wuhuan. Kwamandojinsa suka ji tsoron kada Liu Biao ya tura Liu Bei ya faɗa wa Xu. Mashawarcinsa Guo Jia ya ce su kwantar da hankali, Liu Biao mai zaman hira ne kawai, ya san bai isa ya sarrafa Liu Bei ba: in ya ba shi babban aiki yana tsoron ya fi ƙarfinsa, in ya ba shi ƙarami ba zai yi masa ba. Liu Bei kuwa ya ba da shawarar kai harin, aka ƙi. Da Cao Cao ya dawo, Liu Biao da bakinsa ya ce rashin jin maganarka ya sa mun yi asarar babbar dama. A nan kam ba ni da abin kare shi. Kudu ta kwanta, ba tawaye, abokin gaba ya bar gida ba kowa na watanni. Ko da manyan gidaje ba su so ba, yana da Liu Bei da zai tura. Gemun Yuan Shao ya ƙone ƙurmus a gabansa, bai shafa wa nasa ruwa ba.

Saura batun gado. 'Ya'yan da ake magana biyu ne, Liu Qi babba da Liu Cong ƙarami. Da fari Liu Qi yake so, don ya yi kama da shi. Ƙagaggen labarin ya mai da Liu Cong ɗan cikin Uwargida Cai, yaro ɗan shekara 14. A tarihi ba ita ta haife shi ba, 'yar ɗan'uwanta ya aura, wato ya zama surukin gidan Cai, shi ya sa gidan ya tsaya masa. Ita da Cai Mao da Zhang Yun, ɗan 'yar'uwar gwamna, suka yi ta ɓata Liu Qi a kunnen tsohon. Abin mamaki, wannan Liu Biao ɗin shi ne 'yan shekaru kafin nan ya rubuta wa 'ya'yan Yuan Shao biyu wasiƙu yana roƙonsu su daina faɗan gado kada Cao Cao ya cinye su.

Liu Qi ya ga alamar ba lafiya, ya yi ta neman shawarar Zhuge Liang, shi kuma yana zillewa. Ranar nan ya ja shi lambu, suka hau bene, ya sa aka ɗauke tsani. Ya ce yau ba mu kai sama ba, ba mu taɓa ƙasa ba, magana daga bakinka sai kunnena, ko yanzu za ka faɗa? Zhuge Liang ya tuna masa 'ya'yan wani sarkin Jin na dā: wanda ya zauna gida ya halaka, wanda ya fita waje ya tsira. A farkon 208 Sun Quan, ɗan Sun Jian, ya ci gundumar Jiangxia ya kashe Huang Zu, ya rama jinin ubansa, sai Liu Qi ya nemi a ba shi wannan gunduma, aka ba shi. Da ciwon uban ya tsananta ya dawo dubiya. Cai Mao da Zhang Yun suka tare shi a ƙofa, don suna tsoron in uba da ɗa suka haɗa ido zuciya za ta karye a sake wasiyya. Suka ce mahaifinka ya ba ka tsaron gabas, ka baro soja ka taho, in ya gan ka ransa zai ɓaci ciwo ya ƙaru, wannan ba biyayya ba ce. Ya juya yana kuka. Bai sake ganin ubansa ba.

Aka naɗa Liu Cong. A wata na tara Cao Cao ya iso Xinye. Liu Cong bai so sallamawa nan take ba, ya tambayi fadawa me zai hana su riƙe ƙasar ubansa su ga yadda duniya za ta juya. Wani bafade, Fu Xun, ya tambaye shi: tsakaninka da Liu Bei wa ya fi? Ya ce Liu Bei. Ya ce to in Liu Bei bai iya tare Cao Cao ba, ƙasa ta tafi, in kuma ya iya, ba zai ci gaba da zama a ƙarƙashinka ba. Kuai Yue da Han Song suna gefe guda da shi. Aka aika da miƙa wuya ba a ko gaya wa Liu Bei ba, yana Fan, tsallaken kogi kawai. Sai da abu ya ƙare aka tura masa malam Song Zhong da labari, Liu Bei ya zare takobi ya ce fille kanka ba zai huce mini haushi ba. Ya nufi kudu, ya tsaya a kabarin Liu Biao ya yi sallama da kuka, mutum fiye da 100,000 suka bi shi da kayansu, har dawakan Cao Cao 5,000 suka cim musu a Changban. Kafin shekarar ta fita aka yi yaƙin Chibi, inda aka ƙone jiragen Cao Cao, da yawansu kuwa jiragen Jing ne da Liu Biao ya bari. Daga nan aka yayyaga lardin gida uku, aka yi ta zubar da jini a kansa shekaru masu yawa.

In a fim ɗinka an nuna an kashe Liu Cong da Uwargida Cai a hanya, ko an fille kan Cai Mao saboda wasiƙar jabu, ƙagen mai labari ne. Liu Cong muƙami aka ba shi, mai sa idon lardin Qing, da sarautar girmamawa, ko da yake daga baya Cao Cao ya ce 'ya'yan Liu Biao kamar aladu da karnuka suke in an gwada su da Sun Quan. Liu Qi ciwo ya kashe shi a 209. Mutum 15 daga cikin manyan Jing aka ba sarauta ladan sallamawa, aka fito da Han Song aka ɗaukaka shi. Cai Mao abokin Cao Cao ne tun ƙuruciya, Cao Cao ya je har cikin gidansa ya gaisa da iyalinsa suna tuna zamanin dā. Game da mutumin da ya ba da shawarar yaudara a Yicheng kuwa, Cao Cao ya rubuta wa mashawarcinsa Xun Yu cewa samun lardin Jing bai faranta masa rai kamar samun Kuai Yue ba.

Shi kuwa mai gidan, Liu Biao, Fan Ye ya ce ya yi kusan shekara 20 a Jing, da ya mutu ba a tarar da wata tarin dukiya a gidansa ba. Kimanin shekara 80 bayan haka, a zamanin daular Jin, wasu suka tone kabarinsa a Xiangyang. Mai ba da labarin ya ce an same shi da matarsa kamar ranar aka binne su, ƙamshin turaren da aka zuba musu kuma ya kai nesa da wurin.